Marsiyyar Mai Banda

Na auri mutumin da ba ya iya ɗinka ko wuyan riga sai yana waƙa. Wadda ba ta zauna da irinsa ba za ta ce ai na more. Ban more ba. Shekara da shekaru na yi ina jin baiti guda ana juya shi tun hantsi har la'asar, a cire kalma, a mayar, a sake cirewa, keken ɗinki na ta ƙara a zaure, ni kuwa ina tsakar gida ina fama da ɗanyen itace. Har yau da na tsufa, in aka fara rera waƙa kusa da ni, gajiya ce ke riga daɗin sauko mini.

Daga Kano muka zo Yerwa a bayan babbar mota, tun jirgin ƙasa bai iso ba, Turawa ma ba su tattara nasu ba. Muka sami ɗaki biyu da zaure a unguwar Bulabulin, Malam ya kafa kekensa a bakin ƙofa inda haske ke shigowa. Malam nake ce wa maigidana. Tela ne, Bafulatanin birni wanda bai taɓa tatsar saniya ba, amma yana da karatunsa daidai gwargwado, yana kuma rubuta waƙa da ajami. Abin da ya fi tsana shi ne a haɗa shi da mawaƙan biki. "Ni ba maroƙi ba ne," in ji shi. "Kin taɓa ganin kalangu a hammatata? Masu kiɗa daban, masu alƙalami daban."

Tun ban tambaya ba ya koya mini rabe-raben abin, yawanci ina tsakiyar tuƙa tuwo. Akwai wa'azi, mai tuna wa mutum kabari. Akwai bege, irin wanda makafi ke rerawa ranar Juma'a a hanyar masallaci, su sa ka hawaye ko ba ka shirya ba. Akwai yabo, akwai marsiyya ta wanda ya riga mu gidan gaskiya, akwai habaici da ake jifa ba a kama suna, akwai zambo da ake nuna mutum da yatsa. Waƙoƙinmu na mata a kan dutsen niƙa bai sa su a lissafi ba, wai surutu ne. Ya ce kowace waƙar kirki sai da kari, wato yadda muryar ke tafiya, sai kuma da amsa-amo, wato gaɓar da kowane baiti ke sauka a kanta. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, a miƙo mini mara.

Duk ya gwada su. Ya yi wa'azi a kan masu tauye mudu, aka yi ta dariya a kasuwa, don kowa ya gane mai hatsin da ake nufi tun daga hularsa. Da siyasa ta yi zafi samarin wata jam'iyya suka zo neman yabon ɗan takararsu. Ya yi musu waƙar, suka saurara, suka ce wannan ai in abokan hamayya suka ji, karɓe ta za su yi. Allah bai ba shi komai ba sai zambo. A nan kam ba shi da na biyu a unguwar.

Kari ɗaya kuma gare shi tak. Sauran masu rubutu suna aro nasu daga ƙasidun Larabci da suka haddace a makaranta, shi kuwa ƙafarsa ce ke ba shi. Yadda yake taka keken nan, biyu da sauri ɗaya a ja, haka kowace waƙarsa ke tafiya. In baiti ya ƙare sai ya ɗaga ƙafa ya juya yadi. A wannan ɗan tsaikon ne masu sauraro ke jefa amshi.

Zana ce ta raba mu da maƙwabcinmu, wani dogon Babarbare mai tsage, mai sayar da bandar kifi da yake sarowa daga bakin tafki. Ranar da muka sauke kaya ya leƙo zaure ya yi mana sannu da Barbarci, ya ce, "Wushe, wushe. Ashe bawa aka kawo mini daga Kano?" Malam ya ɗaga kai ya ce, "Bawa dai ya zo gaida ubangidansa." Shi ke nan. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasan nan na taubasai tun kakanni, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba fushi. Shi yana ce wa Malam Fulata, Malam na ce masa mai banda. Kafin wata ya ƙare an yi masa waƙa.

Mai banda ya nufi kasuwa,
Gaba ƙuda, baya kyanwa.

Sai a amsa, "Toshe hanci, ga shi nan zuwa."

Ya shafa turare har ya ƙare,
Wari ya ce ba ni gusawa.

A sake amsawa, "Toshe hanci, ga shi nan zuwa."

Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin nan ya fi kowa tsabta a layinmu, matarsa kuwa in ta turara ɗaki har namu kayan sai sun ɗauka. Na faɗa wa Malam, ya ce ai zambo ba shaida ba ce a gaban alƙali, sai an kambama take tashi. Mai banda da kansa yake tsayawa a bakin zaure da kwando a ka, ya ce, "Fulata, ba sabo yau?" A rera masa, ya yi amshin da bakinsa, ya yi dariya har kwandon na rawa. Yara suka ɗauka, 'yan garuwa suka ɗauka, masu talla suka ɗauka. Waƙar ta yi ta ƙaruwa har yaran da suka fara rera ta suka yi gemu, ƙannensu suka gada.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, mai banda ya je tafki sarin kifi ya dawo da zazzaɓi. Mun ɗauka irin na kullum ne. Bai tashi ba.

Wansa ya zo daga ƙauyensu, wani dattijo marar fara'a wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da Malam ya durƙusa yi masa ta'aziyya, aka raɗa masa ko wane ne. Bai miƙa hannu ba. Ya yi magana da Barbarci, wani ya fassara: wai wasa tsakanin mutum biyu yake, wanda ya mai da ƙaninsa abin waƙar yara a titi shekara da shekaru ba wasa ya yi ba. Malam ya shigo gida, na ajiye masa abinci, har ya huce bai taɓa ba. Can ya ce, "Ke, mutumin nan zato yake ƙin ɗan'uwansa nake yi." Na ce to ka je ka gaya masa ba haka ba ne mana. Ya ce da wane baki? Marsiyya zai yi, ya rera ta ranar sadakar arba'in a gaban dangi da duk unguwa, kowa ya ji matsayin mamacin a wurinsa. Ita ce dama guda da ta rage masa, don bayan arba'in dattijon zai koma gida.

Ya rufe keken da zane, ya shimfiɗa tabarma, ya jiƙa tawada. Kwanaki yana zaune, bismilla kawai ya rubuta. Ya tafi cikin gari wurin wani tsohon malami mai rubuta waƙoƙin wa'azi, ya tsara masa yadda ake yi: a buɗe da sunan Allah da salati, a tuna cewa mutuwa na kan kowa, a kawo halayen mamaci na ƙwarai, a rufe da addu'a. Har kari ya ara masa, mai nauyi, mai jan numfashi. Malam ya taho yana ta maimaita shi a hanya kada ya zube. Kafin ya iso gida ya zube. Ina jin sa a zaure yana lalube, ya kama nan ya kuɓuce can, abin tausayi.

Ga masu kaya sun fara sallama, ga bakin yaranmu na jiran abinci. Dole ya yaye zanen ya hau keke. Wallahi bai gama hannun riga ɗaya ba baituka suka fara zuba.

Maƙwabcina ya amsa kira,
Ya bar ni da zaure ba kowa.

Na zo Barno baƙo ba dangi,
Shi ne ya zame mini inuwa.

Da kurkunu ya kwantar da ni,
Shi ya hana 'ya'yana yunwa.

Wannan kam gaskiya ce, ba kambamawa. Wata damina kurkunu ya fito wa Malam a ƙafar da yake taka keke, ya yi watanni a kwance. Kullum sai an miƙo mana ƙwaryar gero da banda ta saman zana, wai a ba Fulata kada ya mutu, ba a gama jin sharrinsa ba. Ina tankaɗe na ji baitin, idona ya kawo ruwa. Amma nan take na ji abin da ke ƙarƙashin kalmomin. Biyu da sauri, ɗaya a ja. Ga amsa-amon nan na waƙar kifi bai canza ba. Ga ɗan tsaikon juya yadi a buɗe, yana jiran amshi.

Na leƙa zaure, hannuna duk gari.

"Malam, wannan ai karin mai banda ne."

"Wane irin karin mai banda? Waccan zambo ce, wannan marsiyya. Ki saurari abin da nake faɗa mana."

"Na saurara, har na yi kuka. Amma ni matarka ce. Mutanen waje tafiyar za su ji, dattijon nan kuwa ko Hausar ba ya ji."

"Zan ja ta a hankali."

"Ko ka ja ta har Kano, ita ce dai."

Ya ce in koma kan tukunyata. Ba taurin kai kaɗai ba ne, na lura da gaske ba ya ji. A kunnensa waƙoƙi biyu ne daban, ɗaya ta dariya ɗaya ta kuka, don ya san da irin zuciyar da ya yi kowacce. Na ce ya ba wani makaho mai murya ya ɗora ta a kan karin bege. Ya ce maƙwabcinsa ne, ba zai yi aron baki ba. Na ce to ya bar waƙar, ya sauke masa Alƙur'ani, ya fi lada. Ya ce zai sauke, waƙar ma zai yi. Na yi magana har na gaji da jin muryata, na bari. Kullum ina ji ana ƙara baiti, har na haddace ta tas ba da niyya ba.

Ranar arba'in da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidansu. Mu mata muna ciki ana ta kwashe burabusko a akusa, matar mamacin na zaune a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba. Na sami inda zanar ta ɓule na tsaya. Da aka shafa addu'a Malam ya nemi izinin liman, ya gyara zama, ya buɗe takardarsa. 

Farkon ya tafi lafiya. Ya ja sunan Allah da salatin a hankali kamar yadda ya ce, dattawa na sunkuye, har na fara cewa ko ni ce mai baƙin baki. Da ya iso kan maƙwabcin nasa sai muryar ta fara karyewa, ya rufe ido, ya daina duba takardar. Na dubi ƙafarsa. Babban yatsan na motsi a kan tabarma. Kafin baiti biyu waƙar ta kama tafiyarta ta asali. Na ga samarin da ke zaune a baya sun fara satar kallon juna, wani ya cusa haɓa cikin wuyan riga. Kowa ya gane, kowa ya danne. Da a haka aka ƙare, da asiri ya rufu.

Sai ga tsohon ɗan garuwan unguwa ya ɓullo ta lungu da ruwan da aka aike shi, dama kunnensa ya yi nauyi. Bai ji kalma ko ɗaya ba, tafiyar ya ji. Daidai Malam ya kai "shi ya hana 'ya'yana yunwa" ya tsaya jan numfashi, tsohon ya washe baki ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Toshe hanci, ga shi nan zuwa!"

Ba da mugunta ba, Allah ya sani. Bakinsa ne ya saba. Dariya ta kuɓuce wa wani saurayi, ya mai da ita tari, na kusa da shi ya kasa. Wan mamacin ya dubi masu dariyar, ya dubi Malam, ya tambayi na gefensa da Barbarci, aka rasa mai fassara masa. Bai jira ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige gida ya wuce ta gabana. Liman ya yi maza ya ce a yi fatiha. Malam na zaune da takarda a hannu, ko rabin waƙar bai kai ba. Da na waiwaya, matar ta rufe kunnuwanta da tafukan hannu. Aka ce tun da muryar ta juya take haka.

Ban ce wa Malam ai na gaya maka ba, ko da yake ta zo mini har leɓe. Washegari ya je ba dattijon haƙuri, aka ce ya riga ya kama hanya. Ya koma kan kekensa, yana ɗinki ba ya waƙa. Shirun da na yi shekaru ina roƙo ya zo, sai na tarar ya fi surutun gajiyarwa. Masu wucewa suka daina tsayawa a zauren. Ya rame, ya zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, allura ta ɓata sai duk gidan ya ɗauka. Abu ɗaya yake tambayata, ya sake tambaya: "Ita fa, me take cewa?" Matar mamacin yake nufi. Tunda dangin sun tafi da mugun zato, yana so ko ita kaɗai ta san gaskiya. Ni kuwa kullum ina shiga wurinta, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ban kuma ga fuskar tayarwa ba.

Da ta fita takaba aka aiko a tafi da ita ƙauye. Ana ɗaure kayanta ta shigo yi mini sallama, muka zauna a inuwar ɗaki, muka yafi juna. Har ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

"Matar Fulata," haka take ce mini, "waƙar ran nan. Me ya ce a ciki? Ni da na ji muryar ta ɗauko, na zaci ta kifin ce, na rufe kunnena."

Na ce ba ta kifin ba ce. Ta ce to in faɗa mata, amma kada in rera.

Ban taɓa jin an faɗi waƙa ba rerawa ba. A wurinmu waƙa ko a takarda take, in za a karanta sai an ba ta murya. Na fara, harshena na ta zamewa zuwa karin, ina janyo shi. Dole na riƙa faɗinta guntu-guntu kamar mai isar da saƙo. Ya ce ya zo garin nan baƙo, mijinki ya rufa masa asiri. Ya ce tun da aka binne shi, in ya ji takun mutum a bakin zaure sai ya ɗaga kai. Ya ce in aka nemi shaidarsa gobe ƙiyama, zai ce bai taɓa ganin ya cuci kowa ba. Ya roƙa masa Aljanna, ya roƙi a sake haɗa su maƙwabtaka a can. Inda Hausar ta yi mata zurfi sai ta tsayar da ni in sauƙaƙa. Har ƙarshe na kai mata, har baitukan da ba wanda ya taɓa ji sai ni.

Ta murza bakin lafayarta.

"Ashe ya iya," ta ce.

Na ce ya iya.

"Maigidana yana kwance da zazzaɓin nan ya jiyo keken ta zana, ya ce mini, shekara nawa Fulata yana yi mini waƙa, ko baiti ɗaya na kirki bai taɓa sa mini ba. Ya ce, ke kina ganin yana ƙaunata kuwa, ko abin dariya kawai ya samu? Da wasa ya faɗa. Amma washegari ya sake tambaya." Ta goge ido da bayan hannu. "Na ce masa ban sani ba. Don ban sani ba."

 Aka kira ta daga waje, mota na jira. Na raka ta har zaure. Malam ya tsayar da keken, ya miƙe, ya yi mata Allah ya kiyaye hanya, kansa a ƙasa. Ta amsa ta wuce.

Ƙarar motar ba ta ɓace ba ya biyo ni tsakar gida, abin da ba ya yi da rana.

"Na ji kamar kina faɗa mata."

"Na faɗa mata."

"Duka?"

"Duka."

Ya tsaya yana naɗa zare a yatsa. Mutum da furfurarsa, yana dubana kamar yaron da ya kai allo gaban malami.

"Me ta ce?"

Na janyo faifai na fara tsince wake. Na gaji, wallahi na gaji, ban kuma ga abin da sauran zancen zai gyara ba.

"Ta ce ashe ka iya."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, har da ɗan murmushi.

"Shi ma mai banda ai ya sani," in ji shi.

Ya juya ya koma zaure. Ban kira shi ba.